Shafi Ɗaya Zuwa Helena

Shafi ɗaya, in ji mutumin da muke biya a babban birni,
'yan majalisar jiha ba sa juya takarda.
Buƙata biyar. Ta shida sai baɗin baɗaɗa.

Su kwana casa'in suke zama su watse.
Mu kullum muna nan,
mutum dubu huɗu, shanu dubu arba'in,
da hanyoyin tsakuwa da suka fi aljihunmu tsawo.

Ranar Talata, a ɗakin ƙasa na kotun gundumar Tamarack:
kwamishinoni uku, butar kofi ɗaya,
da ni mai buga takarda.
Dusar ƙanƙara ta cinye rabin taga.

Orval Brekke ya ce gada.
Gadar rafin Sorrel ta girme shi, shi kuwa ya ba saba'in baya.
Tun da aka kafa mata allon hana nauyi
motar makaranta ke zagayen mil talatin,
yara su fita da duhu, su dawo da duhu.
A gyara rabon kuɗin hanya, ya ce,
suna ƙirga kawuna,
sai ka ce kawuna ne ke karya gada, ba motocin katako ba.

Marlys Toivonen ta ce gidan waƙafi.
Ɗan gidan Pruitt ya kwana ɗari da sha ɗaya a ɗaki na biyu.
Bai ɗauki na kowa ba.
Muryoyi yake ji cikin bango,
yana jiran gado a asibitin jiha,
mai gadi kuma, da bai karanci komai a kan ƙwaƙwalwa ba,
shi ke yi masa hira har barci ya zo.

Duane Kittelson ya ce harajin gida,
ya maimaita, ya buga tebur, kofi ya zube.
Na huɗu: wa zai biya in gobarar daji ta tsallako daga filin gwamnati.

Sai can a ƙarshe, ana laluben makullan mota,
wani ya ce, af, motar asibiti.
A sa doka ta ɗauke ta aikin dole, kamar kashe gobara.
Sa ta a na biyar, Verna.

Na ce to.

Ba wanda ya dube ni.
Sun san minti hamsin da biyu ne.
Sun san 'yan sa-kai biyu ne suka rage a lokacin,
ɗaya yana karɓar haihuwar saniya a ƙetaren tudu.
Na zauna a kan dakalin rumbu
da kan Arlen a cinyata,
ina faɗa masa ga su nan, ga su nan,
har na koma faɗa wa kaina.

Shekara ashirin da shida ina buga abin da aka ce,
ban taɓa kawar da ko waƙafi ba.
Daren nan yatsuna suka yi mini gardama.
Biyar ta hau sama. Gada ta sauko.

Da safe Orval ya sa tabarau,
ya karanta, ya sake karantawa.
Yana cikin shidan da suka ɗauki akwatin.
Ya daɗe yana kallon taga.
Gadar nan ta iya jira, ya ce, ta saba,
ya sa hannu.
Duane ya yi gyaran murya, ya nemi biro.

Na san inda shafin zai kwanta:
cikin tarin na sauran gundumomi,
kowa da kiɗin da ya karɓe shi,
wataƙila ƙarƙashin kofin wani.
Na manna kan sarki duk da haka.

Yanzu 'yan sa-kai uku ne.
Rediyon kira na kan teburina, kusa da maganin gwiwa.
Ina kwana da takalmi a bakin gado.